Allurar da Aka Yi wa Maiturare a Hannun Yelwa

"To, ina gajiyar tsufa kuma?"

"Tsufa na gidanku, ja'iri. Koma zaure ka yi sallama irin ta mutanen kirki."

"Sau uku na yi. Kunnen ne ya riga ki tafiya Sudan."

Isyaku ya faɗi haka yana kankare lakar takalminsa a bakin rariya. Ranar Litinin ce da hantsi, an yi ruwa da asuba, tsakar gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da turaren wuta. Maiturare kakarsa ce, ita ta haifi ubansa, kuma da wuya a sami amaryar da ta tare a unguwar nan ta Daura cikin shekara talatin ba da humrar tsohuwar nan ba. Yau kam ta ture kwalabenta gefe, ta baje tabarma, ta kewaye kanta da ƙulle-ƙulle: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kwanon alkaki ɗaure da ɗankwali, da wata kwalba cike da ruwan rijiyar Kusugu an toshe bakinta da tsumma.

Ranar Alhamis jirgi zai ɗauke su daga Kano zuwa Hartum, daga can su hau mota zuwa Madani, wurin ƙanenta Sada. Shekara arba'in da biyu ke nan da Sada ya kama hanyar Makka a ƙasa, shi da jakinsa. Ya kai Sudan guzuri ya ƙare, ya tsaya noman auduga na shekara ɗaya, shekara ɗayan nan ita ce har yau ba ta cika ba. Bana wani alhaji ya kawo wasiƙarsa da ajami. Ya ce jikokinsa goma sha ɗaya, ƙaramar ya sa mata Rabi'atu, sunan yankan Maiturare. A ƙarshe ya ce idonsa na dama ya tafi, na hagu yana bin sawu, in za ta zo ta zo yana gani.

Isyaku duba-gari ne. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, abokan aikinsa wasu suka sayi rediyo mai kaset, wasu suka yi rufin kwano, shi kuwa ya ce hutunsa na bana a ƙetare zai yi shi, kuma da tsohuwa zai tafi. Ana cikin shiri sai kwalara ta sake tasowa da farkon damina, ciwon amai da gudawan nan da ya ƙi barin duniya ta huta. Kullum rediyo sai ya lissafa ƙasashe kamar mai kiran sunayen 'yan makaranta. Tun Laraba aka tura Isyaku ƙauyukan Zango zuba magani a rijiyoyi, yau ya dawo. Kafin ya tafi ya ba tsohuwa katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, ya haɗa mata da 'yar takarda zuwa ga abokinsa Lawal, malamin allura, ya ce lallai ta je ranar Alhamis ɗin da ta wuce, don sai allurar ta kwana shida a jiki ake barin mutum ya hau jirgi.

"Ina fasfo ɗina?" in ji Maiturare. "Ba ni abina in sa a ƙasan akwati."

"Kusa da daddawa? Mu isa Hartum ma'aikaci ya buɗe ya suma?"

"Ya suma da alheri. Ya shaƙi abin da uwarsa ba ta iya ba."

Isyaku ya zaro fasfon daga aljihu ya buɗe, ya ƙura wa hoton ido yana girgiza kai.

"Ni hoton nan ke damuna. Wa ya ɓata miki rai ranar? Kin yi kama da wadda aka kama da akuyar mutane."

"Mai hoton ne ya ce kada in motsa, sannan ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kamar maye. Kai za ka yi dariya?"

"Har tabon goshinki sun rubuta. Ga shi nan, alamar mai fasfo, tabo a goshi. In kin ɓata a Sudan da shi za a yi cigiya."

Maiturare ta kai yatsa ta shafa wurin, wani ɗan rami ne saman girarta ta hagu.

"Aikin Sada ne. Yana ɗan shekara bakwai ya jefe ni da ƙotar fartanya a gonar babanmu ta hanyar Mai'adua, wai na cinye masa gurjiya."

"Kin cinye ɗin?"

"Na cinye mana. Amma ai ba a jifar yaya. Shekara sittin ina ɗauke da abin nan, zan je in rama."

"Da wane hannun? Wannan da ko ludayi sai ya huta a hanya?"

"Matso kusa ka ji ko ya huta."

"Af, kin tuna mini. Ina katin?"

Ta ɗaga gefen tabarma ta zaro shi, ta miƙa masa tana kallon wani wuri. Isyaku ya duba. Suna daidai, kwanan wata daidai, ga sa hannun Lawal, ga hatimi ya zauna daram. Babu abin da za a ce. To, rashin abin cewar ne ya dame shi. Kaf Daura an san Maiturare da tsoron allura. Shekarar da masu lambar rigakafin agana suka zo unguwa, cikin rumbun gero ta yini, sai da la'asar aka ji tarinta aka fito da ita fari fat.

"Ta yi zafi?"

"Wane zafi? Ni da na haifi tara? Cizon sauro ne."

"Ba zazzaɓi?"

"Zazzaɓi na ragwaye ne irinka."

Isyaku ya dube ta. Allurar nan ya san ta, shi kansa sai da ta kwantar da shi kwana biyu, hannunsa ya yi suntum kamar taɓarya. Ga shi yanzu a gabansa tsohuwa ta sa hannu biyu ta jawo akwatin ƙarfe ƙiii, ko yamutsa fuska ba ta yi ba.

"A wane hannun aka yi?"

"Wannan," ta nuna na dama.

"A hagu Lawal ke yi."

"To hagun ne. Na tsufa, dama da hagu duk hannu ne."

"Ɗazu kin ce tsufa na gidanmu."

"To a gidan wa nake zaune?"

"Ɗaga mayafin in gani."

"Kai, mara kunya! Mijin da ko zanen Sallah bai taɓa yi mini ba, shi ne zai ce in buɗe masa kafaɗa da rana tsaka? Jama'a ku zo ku ga mijin banza!"

"Mijin banzan ne zai ɗora ki a jirgin sama. Kakana ko jaki bai taɓa ɗora ki ba."

"Kakanka da ƙafarsa ya zo neman aurena daga Mai'adua, sau bakwai. Kai ko Kasuwar Laraba sai ka hau babur, wannan abin mai tusa."

Ana haka aka yi sallama daga zaure. Yelwa ce, maƙwabciyar Maiturare kuma ƙawarta tun suna 'yan mata, mai furar nan ta bakin masallaci. Ta shigo a hankali, hannuwanta biyu a ware nesa da jiki kamar kazar da ruwa ya doka, ɗankwalinta a karkace don ba hannun gyarawa.

"Maiturare, ko da sauran man zafin nan? A'a, Malam Duba-gari, an dawo? Sannu da hanya."

"Yauwa, Iya Yelwa. Me ya sami hannuwan?"

"Allura, ɗan nan. Kwana huɗu ban dama fura ba."

"Duka biyun?"

"Eh mana. Ta hagu tawa ce, ta ranar Laraba da aka yi wa unguwa. Ta dama ta kakarka ce."

Maiturare ta kama wani irin tari da ba a san inda ya fito ba. Ta yi wa Yelwa ido, ta yi mata baki, har da ƙafa ta yi mata. Ita kuwa Yelwa mace ce da in ta ɗauko zance ba ta ajiye shi sai ta ga gindinsa, ta nemi kujera ta zauna ta ci gaba.

"Ai ba wuya. Mayafinta ta ba ni, na yafa, na riƙe katin da takardarka. Ina shiga yaron nan Lawal ya ji ƙamshin humra, ya ce a'a, Kaka Maiturare ce da kanta? Ya durƙusa har ƙasa. Yaro mai tarbiyya, wallahi, tun da na shiga har na fito bai ɗaga ido ya dube ni ba. Ya ce kawo hannun hagu, na ce na hagu ya gaji, ga na dama. Ya yi, ya buga hatimi, har ya ce in gaishe ka."

Isyaku ya dubi Yelwa, ya dubi kakarsa, ya dubi katin da ke hannunsa. Shekara shida yana aikin duba-gari. Ya ga masu ɓoye tulu mai ƙwari a ƙarƙashin gado, ya ga mahaucin da ya shafa wa naman jiya jini sabo. Bai taɓa ganin wanda ya aika a karɓo masa allura ba, sai yau, kuma a gidansu.

"Tsohuwa," ya ce, "me kika aikata?"

Da Maiturare ta ga asiri ya tonu sai tarin ya warke nan take. Ta gyara zama, ta miƙe wuya.

"Wakilci na yi. Haramun ne?"

"Wakilci? A allura?"

"Tsaya in tambaye ka, tunda kai ne mai boko. Ranar da aka ɗaura aurena da kakanka, ina wurin?"

"Ba a haife ni ba."

"Ina ƙuryar ɗaki ina kuka. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa. Ya ɗauru ko bai ɗauru ba?"

"Ya ɗauru."

"Da bai ɗauru ba da ka san sunanka. Mutum ya mutu bai je Makka ba, ɗansa ya je ya yi masa, an ce ya karɓu ko ba a ce ba?"

"An ce."

"Ragon layyata na bara, wa ya yanka?"

"Ni."

"Ladan na wa?"

"Naki."

"To allura ta fi aure ne, ko ta fi hajji? Sunana aka kira, Yelwa ta amsa, da izinina. Ina laifin?"

"Shi ke nan. Yau in an sauke tuwo sai Iya Yelwa ta ci miki, ke ki ƙoshi."

"Ta sha ci mini, ba yau ta fara ba."

"Ni dai," in ji Yelwa, "in ana bin cancanta, ni ya kamata in hau jirgin nan. Ni ce mai allura biyu. Ko kwalarar ta gan ni sai ta canza hanya."

"Ki je ki ce wa Sada me?" in ji Isyaku.

"In ce ni ce wakiliyar yayarsa. Tunda ba ya gani sosai."

Maiturare ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko gwangwanin man zafi ta cusa wa Yelwa a gefen zane, ta ce ta je ta shafa a gida. Yelwa ta tashi da kyar ta fita, hannuwa a ware, tana cewa ita dai ta yi zumunci.

Isyaku ya zauna a kan turmi. Ya juya katin gaba da baya. Gaskiyar magana, takarda ce mai kyau. A filin jirgin Kano ba wanda zai ce tsohuwa ta ɗaga mayafi, hatimi za su duba su ce wuce. Kuma shi ma yana son tafiyar nan, ba don tsohuwa kaɗai ba. Ya ɗinka kaftani biyu, ya gaya wa kowa a ofis, har masinja ya fara kiransa Ɗan Hartum. Amma shekaranjiya a wani ƙauye ya gaisa da wani maƙeri da safe, ƙato, yana ta wasa da dariya yana taya su jan guga, kafin la'asar an yi masa salla. Yadda idon mutumin ya zurma cikin rabin yini bai bar zuciyar Isyaku ba tun ranar. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

"Bari in gaya miki yadda abin yake," ya ce. "In aka yi miki ta gaskiya yau, sai Lahadi za ta cika kwana shida. Jirgin Alhamis ya wuce."

"Sai mu bi na gaba. Jirgi ɗaya ne a duniya?"

"Jirgi da yawa, hutun ne ɗaya. An kafa takarda a ofis. Wanda hutunsa ya kama makon nan ya tafi, wanda bai tafi ba ya zauna, ba mai motsawa sai ciwon nan ya lafa. Sai bayan girbi ke nan."

"Sai in tafi ni kaɗai."

"Ke da kika je Katsina aka tsinto ki a motar Jibiya?"

"Direban ne bai san hanya ba."

"Wata huɗu, tsohuwa. Ko biyar."

Ta ɗaga murfin akwati ta taɓa wasiƙar Sada, ba ta buɗe ba. Ba ta iya karatu, amma an karanta mata har ta haddace.

"Cewa ya yi in zo yana gani. Wasiƙar nan ma wata uku ta yi a hanya. Idon Sada ba zai jira gero ya nuna ba, Isyaku."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Sai ya yi abin da suka saba, ya koma wasa.

"To in ciwon ya kama ki a hanya fa?"

"Ai kai ka fi kowa murna. Kullum kana tambaya yaushe zan ba ka ɗakin nan."

"Ɗakin ina so. Amma a Daura nake so ki mutu, in tare makara a bakin zaure in yi wasan jika yadda ya kamata. In kin mutu a Madani jikokin Sada ne za su more, yaran da ko tsawarki ba su taɓa sha ba. Ni da na sha rankwashi shekara ashirin da takwas in tashi a banza?"

"Allah ya tsine wa kwaɗayi. Ni zan binne ka, in auri Lawal, shi ya san girman mace."

"Ya san girman mayafi dai."

"Kwalara ta san wanda take kamawa. Ni hayaƙin turare ya gama ratsa ni, ba abin da zai zauna a cikina."

"Maƙerin da na gani shekaranjiya hayaƙin gawayi ya ratsa shi, shekara arba'in."

"Ya aka yi da shi?"

"An binne shi kafin magariba."

Maiturare ta ɗauko ƙullin kuka ta kwance, ta sake ɗaurewa, ba tare da ya nemi ɗauri ba. Isyaku yana kallon yatsunta. Yatsun nan ne suka yi masa wanka yana jariri, su ne suka ɓoye masa ƙanzo ranar da ubansa ya hana shi abinci don ya gudu daga makaranta. Ya tambayi kansa, in idon Sada ya rufe a watan gobe, da wane baki zai ce mata ai doka ce? Ya tura katin cikin fasfo ya rufe.

"To. Mu tafi."

"Me ka ce?"

"Na ce mu tafi Alhamis. Ba wanda ya sani sai Iya Yelwa, ita kuma kafin ta gama gaya wa Daura mun sauka Hartum. Zan dafa duk ruwan da za ki sha. Ba fura a tasha, ba rake, ba gaisawa da hannu. Ki ci abin da na ba ki, ki sha abin da na ba ki. Kin ci nasara, uwargida."

Ya ajiye mata fasfon a kan akwati. Maiturare ta dube shi ta dubi fasfon. Shekara ashirin da takwas suna fafatawa da yaron nan, bai taɓa sakar mata da wuri haka ba, kuma abin bai yi mata daɗi ba. Ta ɗauki fasfon ta riƙe. Ta jawo kaskon turare da ƙafa, ta gyara garwashin da tsinke. Can ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Wai ciwon nan, mutum kan ɗauke shi a cikinsa bai sani ba?"

"Yakan ɗauka. Yana tafiyarsa garau, yana barin wa mutane."

"Da an yi mini allurar, da ta hana?"

Da ya so, da sai ya ce mata eh, a wuce wurin. Bai iya ba.

"Ba duka ba. Ragewa take yi. Abin da ya fi allurar shi ne mutum ya zauna inda yake har abin ya wuce. Ga tashar Kano, ga filin jirgi, ga motar Madani, duk cunkoso ne, kowa da randar da ya sha."

"Kai da ka yi allurar ma kana iya kwasa?"

"Ina iyawa."

"Shi ne ba ka faɗa ba tun farko, baƙin munafuki?"

"Na ɗinka kaftani biyu, tsohuwa."

"Wa ya fi kamawa?"

"Tsofaffi da ƙananan yara ne ba sa jurewa."

"Takwarata ba ta yi shekara ba."

"Haka wasiƙar ta ce."

Maiturare ta buɗe fasfon ta zare katin. Ta riƙe shi nesa da fuska tana duban hatimin kamar mai duba gwal a kasuwa.

"Shekara arba'in da biyu ban kai wa Sada ko ɓarin goro ba," ta ce. "Sai in tashi takanas, a jirgin sama, in kai masa zawo har ɗaki? In ɗauki takwarata in goya in zuba mata? A ce yayarsa ta zo daga Daura da tsaraba?"

"Ban ce lallai haka za ta faru ba."

"Ba ka ce ba za ta faru ba."

Ta ɗora katin a kan garwashi. Ya nannaɗe, ya yi baƙi, hayaƙinsa ya gauraya da na turare. Isyaku ya yunƙura kamar zai ciro shi, ya fasa.

"Dama na Yelwa ne," in ji ta. "Ka je ka gaya wa masu jirgi sai bayan girbi."

"Idon fa?"

"Kai ne likitan idon?"

"Akwai sauran hoton fasfo guda ɗaya a wurina. In sa a wasiƙa yau, wataƙila ya riske shi yana gani."

"Kada ka kuskura! Wannan hoton na ɓarauniyar akuya? In ya gan shi sauran idon ma rufewa zai yi."

Isyaku ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce, "Tsohuwa, da gaske nake. In muka je ya riga ya makance, ta yaya zai san ke ce? Muryarki ma ta shekara arba'in ba ita ce wannan ba."

Maiturare ta kama hannunsa, ta jawo shi har ya sunkuyo, ta ɗora ɗan yatsansa a kan ramin nan na saman girarta.

"Ka ji?"

"Na ji."

"To haka zan yi masa. Mutum ba ya buƙatar ido kafin ya gane aikin hannunsa. Yana taɓawa zai ce Rabi, ni kuma in ce na zo ramuwa."

Ta sake shi. Ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙin takarda ba shi da kyau, shi ya sa ba a turare da shi. Isyaku bai musa ba, shi ma hayaƙin ya shiga nasa.

Ta ɗauki kwalbar ruwan Kusugu ta zare tsumman, ta miƙa hannu ta juye a gindin lallen da ke jikin katanga. Ta ce in lokaci ya yi a ɗebo sabo. Daddawa da kuka ta mayar cikin akwati, su ba abin da wata biyar zai yi musu.

"Tashi ka tayar da abin tusar nan," ta ce. "Ka kai ni wurin Lawal."

"Yanzu? Ai an ɗaga tafiyar. Bayan girbi sai an sake wata allurar."

"Ciwon a Sudan kaɗai yake? Ba ka ce yana Zango ba? In ya ɗauke ni a nan, wa zai je wa Sada, Yelwa? A yi mini yau, a sake bayan girbi, ko sau goma ne. Amma kai za ka riƙe ni, kuma in na yi ihu ka ce kai ne."

"In kika gudu fa? An gyara rumbun, ya fi na da faɗi."

"Sai ka tura wakili ya kamo ni. Kuma ka gaya wa abokin nan naka ya riƙa ɗaga ido. Tarbiyya ta yi masa yawa, wata rana jaki zai yi wa allura in an yafa masa mayafi."

Isyaku ya miƙe yana laluben makullin babur. Har ya kai bakin zaure ta kira shi.

"Kai, mijin banza. Zo."

Ta kwance ɗankwalin da ke kan kwanon alkaki. Kwana uku ta yi tana aikinsa saboda Sada, don tun suna yara ba abin da yake so kamarsa. Ta tura kwanon gabansa da ƙafa.

"Ɗauka. Ba zai kai girbi ba."

"Duka?"

"Duka, tunda Allah ya yi da rabon kwaɗayayye."

Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, zuma ta biyo masa haɓa. Maiturare ta yafa mayafinta, ta ɗaure bakin zane tamau kamar mai shirin dambe, ta wuce gabansa. A bakin ƙofa ta waiwayo tana dariya.

"Ka ware wa Yelwa guda biyu," ta ce. "Ɗaya na hagu, ɗaya na dama."